Yadda Na Kyautar da Doris

Asabar, 9 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Yau na dawo gida da kaza.

Sunanta Doris. Ba ni na sa mata ba, da sunanta na same ta. Makarantarmu ce take tura ’yan Year 7 guda goma, wato ’yan ajin farko na sakandare, gidan dabbobin da aka ceto, can bayan Eccles a nan Manchester, duk ranar Asabar, wai mu koyi kyautata wa dabbobi. Malamarmu ta ce alheri ma sai ana gwadawa yake zama a jiki, kamar lissafi. Ni na sa sunana ne don dabbobi ba sa cewa mutum ya tashi ya gabatar da kansa.

Lovelyn ta zaɓi karnuka. Ita kaɗai ce mai jin Hausa a ajinmu, ’yan Jos ne, kuma ba ta tsoron komai. Ni ranar farko wani kare ya shinshina min siket, na tsaya ƙiƙam har sai da Chloe ta zo ta janye shi. Chloe ce mai kula da mu, ’yar uni ce, tana da ɗankunne a hanci. Ita ta ce to in koma wajen kaji.

Kajin daga gonar ƙwai aka karɓo su bayan sun tsufa. Doris ta fi kowa figewa, bayanta ba gashi ko ɗaya, sauran kuma sai caccakar wurin suke yi. Wata tsohuwa ta saƙa mata suwaita kore. Chloe ta ce tana neman wanda zai riƙe ta a gida sati uku har gashin ya fara fitowa, a mayar da ita ranar talatin ga wata. Ban ɗaga hannu ba, kunne nake sosawa. Amma na ji daɗi da ta ce ni.

Abba ya sa hannu a takardar yana waya. Mun ajiye akurkin a bayan gida. Mama ta ce ba ruwanta da kaza, sannan na hango ta ta taga tana watsa mata shinkafa.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, bayan azahar

Doris da ido ɗaya take kallon mutum, kamar ta san wani abu a kansa. Na yi mata magana da Hausa wajen minti ashirin. Ban taɓa yi wa kowa magana mai tsawo haka ba tun da muka zo daga Kano.

Chloe ta ce in riƙa tura mata hoto duk Laraba da Asabar.

Talata, 12 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Hajiya ta iso. Mahaifiyar Abba ce, kuma sunanta aka sa min, shi ya sa ake ce min Ihsan a gida, don ba a faɗin sunan. Abba yana ce min Mamana, ita kuma tana ce min Takwara. Ta zo da jaka uku, biyu duk gero ne da yaji da kuka da daddawa. Kwana biyu za ta yi a nan, sai Kawu Bara’u ya zo ya tafi da ita Birmingham, saboda matarsa Anti Zinatu, ƙanwar Abba, ta kusa haihuwa.

Ta ga Doris ta tagar kicin. Ta yi dariya har ta zauna a kan buhun shinkafa. Ta ce ta yi shekara saba’in a duniya, sai yau ta ga kaza da riga.

Mun yi wata ’yar magana ni da ita a kicin. Ba wani abu ba ne.

Laraba, 13 ga Nuwamba, kafin in tafi makaranta

Ba wani abu ba ne da gaske. Ina jin ma ta manta.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Ba zan rubuta komai ba yau.

Juma’a, 15 ga Nuwamba, ƙarfe biyar saura

Na wanke akurkin. Na canza ruwan da ke ciki, ko da yake ba mai sha.

To, bari in rubuta. Ranar Talata Hajiya ta tambaye ni daga ina kazar ta fito. In ina rubutu Hausata lafiya lau take, amma in babba yana kallona sai harshena ya harɗe. Na so in ce a makaranta ana koya mana kyautata wa dabbobi. Abin da ya fito daga bakina shi ne, ana koya mana kyautar da dabbobi.

Na ji kuskuren tun kafin in rufe baki. Amma Hajiya ta riga ta dafa ƙirji. Ta ce ashe Turawa ma sun san sadaka, ashe makarantar kirki aka sa ni. Ta tambaye ni wa na yi niyyar ba wa. Ta ce ai ba sai an je nesa ba, ga Zinatu, maijego ba abin da take buƙata kamar farfesun tsohuwar kaza mai rai, ba wannan ta kanti mai kama da soso ba.

“Ko ba haka ba, Takwara?”

Na kalli ƙasa. A gidanmu in yaro ya kalli ƙasa, ya ce e ke nan.

Jiya ina makaranta Kawu Bara’u ya zo. Suka tafi da Doris a cikin kwalin indomi. Hajiya ta bar min alawar madara a kan filo.

Da Abba ya dawo daga aiki ya leƙa bayan gida, ya ce, “Mamana, ke kika ba ta?” Na ce ban ba ta ba, amma kuma ban hana ta ba. Ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, waya ɗaya ce. Ya kira ta ina tsaye. Yana cewa Hajiya dama maganar kazar nan ce, sai ta fara sa masa albarka, wai ya yi tarbiyya, wai yarinya ’yar shekara sha ɗaya ta tuna da gwaggonta. Ya yi ta cewa amin, amin, amin. Da ya kashe wayar ya ce network ɗin ba shi da kyau, zai sake kira weekend.

Mama ta ce ita suruka ce, ba da bakinta za a ji an karɓe kyauta daga hannun Hajiya ba.

Ba za a taɓa Doris ba sai an haihu. Mama ta ce ana sa ran haihuwar farkon Disamba. Akwai lokaci. Gobe zan faɗa.

Asabar, 16 ga Nuwamba, ƙarfe uku na yamma

Chloe ta tambaye ni yaya Doris. Na ce tana cin abinci sosai. Ba ƙarya na yi ba, Hajiya ta faɗa.

Hajiya tana turo min hoto kullum ta wayar Anti Zinatu, don in ga yadda kyautata take ƙiba. Rabin kowane hoto yatsanta ne. Na zaɓi wanda yatsan bai fito sosai ba na tura wa Chloe. Hoton Doris ne dai. Ba wanda ya ce sai a Manchester za a ɗauke shi.

Na share wa sauran kajin wurinsu sau biyu. Chloe ta ce ba ta taɓa ganin mai ƙwazo irina ba.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, da hantsi

Abba bai kira ba. Ya wanke mota, ya wanke ta Mama, ya tambayi maƙwabcinmu ko yana so a wanke tasa.

Litinin, 18 ga Nuwamba, bayan an taso daga makaranta

Na faɗa wa Lovelyn lokacin break. Ta yi dariya har chips ya shaƙe ta. Da ta samu numfashi ta ce gaskiya kakata ta san abu, mamanta ma kullum tana cewa old layer, wato tsohuwar kazar ƙwai, ita ce sarauniyar pepper soup. Na ce wannan bai taimake ni ba.

Sai ta ce in ba ta lambar, za ta kira da muryar Turawa ta ce daga council ne, wato ƙaramar hukuma, an hana yanka kaza mai suwaita. Na ce Hajiya ba ta jin Turanci sosai, kuma haramun ne. Ta ce to ni in buɗe baki mana, “it’s literally one sentence, Ihsan.” Ita komai a wurinta jimla ɗaya ce.

Laraba, 20 ga Nuwamba, ƙarfe shida saura kwata

Na kira Hajiya da kaina. Na rubuta abin da zan faɗa a tafin hannu.

Na ce ina wuni. Ta ce lafiya lau, yaya karatu, yaya sanyi, yaya mamanki. Na ce lafiya lau, ina wuni. Ta ce ta ba mutanen Kano labari, har matar liman ta yi min addu’a, kuma ’yan uwana na can an ce su yi koyi da ni. Na ce ina wuni. Ta ce Takwara ai mun gaisa, ko kunnenki ne? Sannan ta ce bari ta haɗa ni da mutuniyata, ta kara wa Doris wayar a baki. Na ji tana ƙut-ƙut a hankali. Gumi ya goge rubutun hannuna.

Ta ce gero take ba ta, na kunun Anti Zinatu, da ragowar tuwo. Ta ce cinyoyin sun fara cika.

Gobe.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu

Ba gobe ba ce ashe.

Juma’a, 22 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu da rabi

An kira sunana a assembly. Tauraron alheri na wannan watan. Chloe ce ta rubuto wa malamarmu. Aka haska hoton Doris a bango, ƙato, gaban duk ’yan Year 7. A gefen hoton, bayan Doris, ana ganin babbar tukunyar Anti Zinatu an wanke an kife ta a kan bulo. Ba wanda ya lura sai Lovelyn, wadda ta cusa hannun rigarta a baki.

An manna sunana a allon corridor da tauraro mai ruwan zinare. Yanzu ta bayan library nake zagayawa in je aji.

Asabar, 23 ga Nuwamba, bayan la’asar

Chloe ta ce katangar gidanmu ta canza kala a hotunan, ko mun yi fenti? Na yi murmushi. Ta ce kalar ta yi kyau.

Na tambayi Mama ko haihuwar fari tana yin jinkiri. Mama likita ce. Ta ce sau da yawa. Na ce kamar kwana nawa? Ta ce har sati biyu. Na ce akwai wadda take kai wata guda? Ta ajiye wuƙar albasa ta kalle ni ta ce, “Ihsan, ba a yi wa mai ciki irin wannan addu’ar.”

Ban ce ina yi ba. Sau biyu kawai na yi, kuma na ce in da alheri a ciki.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, ƙarfe biyu na rana

Abba ya kawo dabara. Wai a sayi wata kazar a kai wa Chloe, ai kaza kaza ce. Ya yi awa guda yana dubawa a waya. Duk waɗanda ya samu suna da gashinsu cif. Mama ta ce sai dai ya fige ta da kansa, sannan ya koyi saƙa. Ya ce shi injiniya ne, ba a kawo masa matsalar da ba ta da mafita ba. Ta ce mafitar tana cikin wayarsa, ƙarƙashin sunan Hajiya.

Ya fita duba tayar mota.

Ni ko an samu mai kama da ita ba na so. Doris ce ba na so a yanka.

Talata, 26 ga Nuwamba, da safe

Duk sanda waya ta yi ƙara sai in zabura. Jiya mai kawo parcel ne ya danna ƙararrawa, na zubar da shayi.

Laraba, 27 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

An haihu. Mace. Kwana biyar kafin lokaci.

Na yi murna. Da gaske na yi murna, an turo hotonta, hannunta kamar na ’yar tsana. Na ce masha Allah, sannan na shiga banɗaki na daɗe.

Alhamis, 28 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Kawu Bara’u ya kira Abba, wayar tana speaker, ina falo ina yin kamar ina homework. Da raɗa yake magana, daga cikin mota. Ya ce shi akanta ne, tunda yake bai taɓa yanka ko tattabara ba. Ya ce ga maƙwabcinsa Alfred, wani tsoho, kullum da safe sai ya leƙo ta katanga ya gaida Doris da sunanta, in ya ga jini council zai kira. Don haka ya ce wa Hajiya ya yi targaɗe a hannu. Ita kuma ta ce ba komai, Sunusi yana zuwa barka ranar Asabar, shi zai yanka.

Sunusi shi ne Abba.

Can Hajiya ta kira da kanta ta faɗa masa. Ta ce ya taho da wuƙa mai kaifi, na gidan Zinatu ko tumatir ba sa yankawa. Abba ya ce to. Ko a waya, ƙasa yake kallo. Yanzu na san inda na gado abin.

Chloe ta turo saƙo, wai tana ɗokin ganin Doris ranar Asabar. Mama ta rubuta mata cewa an yi mana haihuwa, sai Lahadi. Da ta tura ta ce min ta sayo min kwana ɗaya, saura ya rage nawa.

Juma’a, 29 ga Nuwamba, bayan magariba

Hajiya, kazar ba tawa ba ce.

Kalma shida. Na faɗa wa madubi, na faɗa wa firji, na faɗa wa akurkin. Duk sun fahimta.

Asabar, 30 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na yamma

Mun tashi da sassafe. Daga unguwarmu Salford har Perry Barr a Birmingham ba wanda ya yi maganar wuƙar da ke cikin but ɗin mota, an naɗe ta a tsumma. Abba ya bi layin manyan motoci duk hanya, har wata motar ɗaukar shanu ta wuce mu.

Jaririyar tana da kyau. Anti Zinatu tana zaune a ɗakin sama da kofin kunu, ta rungume ni ta ce ta ji abin alherin da na yi mata. Kawu Bara’u ya ɗaure hannun dama da bandeji. Da ya zo miƙa wa Abba shayi sai ya manta ya miƙa da shi.

Hajiya ta riga ta ɗora ruwan zafi. Ta jajjaga attarugu, ta fito da yaji. Ta ce a yi da wuri kafin rana ta faɗi, tunda ranar garin nan ba ta da alƙawari. Muka fita bayan gida.

Doris ta yi ƙiba har suwaitar ta matse ta. Da ta gan ni ta karkata kai ta kalle ni da idon nan. Hajiya ta cire mata suwaitar, ta ninke, ta ba ni ta ce in ajiye don tarihi.

Abba ya fito da waya wai yana neman alƙibla. Ya juya gabas, ya juya yamma, ya ce allurar ta ƙi tsayawa. Hajiya ta nuna masa da hannu ta ce nan take kallo sati biyu tana salla. Ya ce bari dai ya tabbatar. Alfred ya leƙo ta katanga da kofin shayi ya ce, “Morning, Doris.” Kawu Bara’u ya tuna yana da aiki a cikin gida.

Sai Hajiya ta ce in zo in riƙe fukafukan, tunda ladan nawa ne.

Na tsuguna na riƙe ta. Jikinta da ɗumi. Gashin bayanta ya fara fitowa, tsini-tsini kamar bakin buroshi. Ina jin zuciyarta tana bugawa a tafin hannuna da sauri, ko kuma tawa ce. Abba ya warware tsumman.

Na faɗa. Amma Doris kaɗai ta ji.

“Me kika ce, Takwara?”

“Hajiya, kazar ba tawa ba ce.”

Da na faɗi wannan sauran suka biyo da kansu, da Hausa da Turanci a haɗe. Na ce riƙo aka ba ni, na sati uku, Abba ya sa hannu. Na ce kyautata wa na so in ce, ba kyautar da ba. Na ce gobe ake jiranta. Ina kuka kaɗan, ba da yawa ba.

Hajiya ta kalli Doris, ta kalle ni.

“Amana ce ke nan.”

Na ce e.

Ta juya wajen Abba. “Kai ka sani?”

Abba ya kalli alƙiblarsa.

Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi sauƙi. Ta ce wato da ya sa wa dabbar mutane wuƙa, ita ta dafa da hannunta, ta ba maijego haram ta sha, maijego ta shayar da jaririyar kwana uku. Ta ce duk don ana jin kunyarta, kamar ita dodo ce. Ta ce ni yarinya ce, amma shi da furfura a gemu. Abba ya ce Hajiya a yi haƙuri. Ta ce ba ita za a ba wa haƙuri ba.

Can sai ta dafe kai ta ce innalillahi, ƙwan. Ashe Doris ta yi ƙwai biyar, Hajiya ta soya wa Kawu Bara’u duka. Daga tagar sama muka ji Anti Zinatu tana cewa don Allah a daina, dariya tana yi mata ciwo.

Hajiya ta karɓi suwaitar daga hannuna ta mayar wa Doris da kanta, har da gyara wuya. Ta ce ita ta ɗauko, ita za ta mayar wa mai ita, hannu da hannu. Mama ta ce za ta kwana da maijego. Kawu Bara’u ya tafi shagon halal sayo kaza, ya tuƙa mota da hannu biyu.

Mun dawo da Hajiya a gidan gaba, kwalin a cinyarta. Ba ta yi min magana ba duk hanya. Sau ɗaya ta ce, ba da kowa ba, yanzu me za ta ce wa matar liman.

Doris tana akurkinta. Ta ci, ta sha. Hajiya ta ce min “ke” sau biyu. Ba ta taɓa ce min ke kawai ba.

Lahadi, 1 ga Disamba, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Abba ya ce zai kai mu. Hajiya ta ce ya zauna ya huta, ya sha wahalar neman gabas. Ta ce yarinyar ta san hanya.

Muka hau tram, jirgin ƙasan cikin gari, ta lulluɓe kwandon Doris da mayafinta. Duk sanda Doris ta yi ƙut sai Hajiya ta yi tari.

Chloe tana wajen kaji da bokiti. Hajiya ta gaishe ta da Hausa, doguwar gaisuwa, har da tambayar iyayenta. Sannan ta ce in fassara, kuma in faɗi duka, tana tsintar Turanci kaɗan-kaɗan, in na rage za ta sani.

Na faɗi duka. Birmingham, hotunan, katangar da ba mu yi wa fenti ba, tukunyar. Da na zo kan farfesu Chloe ta ce, “Sorry, soup?” Na ce e, soup. Ta kifa bokitin ta zauna a kai.

Ta ɗauki Doris ta duba ta ko’ina, ƙafa, baki, ƙarƙashin fiffike. Ta ce ba ta taɓa ganin kazar da ta murmure da sauri haka ba, me aka ba ta? Na ce gero. Ta sa na rubuta mata a waya. Sannan ta ce ta ji daɗi da na faɗa, amma da tun ranar farko na faɗa, da ita da kanta ta je Birmingham. Ba za a ƙara ba ni riƙo ba bana, kuma dole ta gaya wa malamarmu. Na ce na sani. Za a cire tauraron. Ban damu ba, na gaji da zagayawa ta bayan library. Shara dai ta ce in ci gaba da zuwa.

Hajiya ta ce saura maganar ƙwai biyar, a roƙa mata yafiya. Chloe ta ce oh, ba komai. Hajiya ta ce ba komai daban, na yafe daban, ta faɗa da bakinta. Sai da Chloe ta dafa ƙirji ta ce ta yafe ƙwai biyar, ni kuma na mayar da shi Hausa, sannan Hajiya ta saki fuska.

Aka saki Doris cikin ’yan uwanta. Hajiya ta tsaya tana kallonsu, sun kai arba’in. Ta ce in tambaya yaushe ake cin su. Chloe ta ce ba a ci, suna nan har su mutu don kansu. Na fassara. Hajiya ta daɗe tana kallon kajin, sannan ta faɗi wata magana ta ce wannan kada in fassara.

A hanyar dawowa tram ɗin ya cika. Hajiya tana zaune can gaba da kwandon da ba komai a ciki, ni ina tsaye a baya tsakanin mutane. Muka tsaya a wata tasha, saura biyu mu kai tamu, sai na ga ta miƙe ta nufi ƙofa. Ƙafarta ɗaya har ta fita.

“Hajiya, ba nan ba ne.”

Ban san muryata tana kai nan ba. Duk tram ɗin suka juyo, har wani mai abin jin waƙa a kunne. Hajiya ta janye ƙafarta, ƙofar ta rufe. Ta dawo ta zauna, ta gyara mayafi, ta matsa ta bar min gefen kujera.

“Na ji, Takwara. Ai ni ba kurma ba ce.”